Wankin da Babu Ruwa: Sunayen Hoto daga Dodo zuwa Manhaja

A Danja, kamar sauran garuruwan yankin Funtua da Malumfashi, wanda ya ɗauki hoto da waya yana son ganinsa a takarda, cewa yake yi zai kai wanki. Mai shago ya karɓi hoton ta WhatsApp ko ta memori, ya danna kwamfuta, ɗan ƙaramin inji ya fito da takarda a bushe. Ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba, amma kowa ya yarda an wanke. To me ya kawo wanki cikin aikin da babu ruwa?

Amsar tana wurin tsofaffin masu hoto. A zamanin fim, wankin na gaske ne. Mai hoto ya shiga ɗaki mai duhu, ya kunna jan ƙwai, ya jera tasoshin magani. Ya tsoma farar takarda a ta farko, yana kallo fuska ta fara bayyana sannu a hankali. Ya mayar da ita ta biyu, sannan ta uku don hoton ya zauna. Ya ɗauraye da ruwa, ya shanya a igiya. Duk wanda ya ga wannan aiki ba zai nemi wani suna ba.

A wannan ɗakin ne kuma ake da dodon hoto, wato fim ɗin da aka riga aka wanke, wanda daga jikinsa ake buga ko kwafi nawa ake so. Ka ɗaga shi ga haske, sai ka ga baƙar fuska ta koma fari fat, haƙora da farin ido sun koma baƙi ƙirin. Sunan ya dace da shi. Amma tambayi yaron da aka haifa bayan zuwan wayar salula Najeriya a 2001, da wuya ya san shi. Wanki ya rayu, dodo ya mutu, alhali ɗaki ɗaya suka fito.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Dodo sunan kaya ne, kayan kuwa sun ƙare. Wani injiniyan Kodak, kamfanin da ke yin fim, Steven Sasson, shi ya haɗa kyamarar da ba ta buƙatar fim a 1975, kuma a 2012 kamfanin da kansa ya durƙushe, har ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi. Wanki kuwa sunan buƙata ne. Har gobe ɗalibi zai nemi fasfo, amarya za ta so hotonta a bangon ɗaki, ɗan takara zai so fuskarsa a kalanda. Muddin buƙatar tana nan, sunan yana nan, ko da an sauya injin sau goma.

Faifai ma haka ya yi. Asalinsa na mata ne, wanda ake saƙawa a rufe ƙwarya ko a yi bakacen hatsi da shi. Da garmaho ya zo da baƙin abu mai faɗi, kewayayye, sai aka ce faifan garmaho. Kaset ya ratsa tsakani, a kansa ma aka fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin da ake ƙirgawa a matsayin farkon sana'ar da daga baya, a 1999, mujallar Tauraruwa ta laƙaba wa suna Kannywood. Da sidi ya zo, faifai ya dawo da ƙarfinsa. Yau ga shi ana cewa wani faifan bidiyo yana yawo a Facebook ko TikTok, alhali babu abin da ke da kewaye, babu abin da za a riƙe a hannu. Faifai ya tashi daga sunan siffa, ya koma sunan abin kallo.

Majigi ya girmi waɗannan duka a fagen hoto mai motsi. An samo shi daga sunan da Turawa ke kiran wata fitila mai haska hoto a bango, fitilar sihiri. A zamanin mulkin mallaka, da ma bayansa, motar majigi kan zagaya garuruwa da dare, a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna fim kan tsafta ko noma. Wasu mutanen Kano ma dodon bango suka kira abin, saboda ɗari-ɗarin da suke yi da shi. Shi ma wannan dodon ya ɓace, amma majigi yana nan a gidajen kallon ƙwallo da wuraren taro.

Sababbin sunaye kuwa har yanzu kokawa suke yi. Manhaja da can tsarin karatun makaranta ce. Kafafen yaɗa labarai suka ɗora ta kan abin da ake saukewa a waya, kuma ta fara kama baki. Hoton ɗauki-da-kanka bai yi wannan sa'a ba: a rediyo da jarida ake jinsa, matasa kuwa selfi suke cewa, domin ya fi sauƙin faɗa yayin da hannu ke sama. Filta da data ma sun shigo yadda suke. Amma aikatau ɗin duk namu ne: a ɗauka, a tura, a ɗora, a sauke, a goge. Har yabon kyamara da Hausa ake yinsa, a ce tana fitar da mutum. Wayoyin Tecno, Itel da Infinix sun samu karɓuwa a kasuwanninmu, kuma cikin dalilan akwai yadda kamfaninsu, Transsion, ya daidaita kyamarorinsa don su fitar da baƙar fata da kyau.

Akwai kuma ma'anar da Bahaushe ya ƙara wa hoto da kansa. Idan ya ce aikin nan hoto ne kawai, yana nufin ga kyan gani, ciki babu komai. Manomin tumatir a fadamun Danja ya san wannan da rani. Ya jera kwanduna, ya ɗauki hoto daga sama inda manya jajaye suke, ya tura wa dillali a kasuwar Mile 12 ta Legas. Dillalin ya amsa da saƙon murya: "Alhaji, yi mini bidiyo, ka sa hannu ka tono na ƙasa in gani." Bai ƙaryata shi ba, amma ya san abin da hoto ke iya ɓoyewa.

Wannan taka-tsantsan ɗin yanzu ya fi kowane lokaci amfani. Tun farko Hausa ta ce ɗaukar hoto, ɗauka kuwa sai abin da yake akwai. Yau manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna fitar da fuskar da ba a taɓa haifa ba, da taron da ba a taɓa yi ba. Tuni bakin mutane ya fara raba biyun: wannan ɗauka aka yi, wancan haɗa shi aka yi. Wannan rabewa ta fi duk wani sabon suna da za a ƙirƙiro muhimmanci, domin ita ce za ta nuna wa mai kallo abin da zai gaskata kafin ya tura wa wani.