“Maiɗakin Wane Ta Rasu”: Matsayin Mata a Ta'aziyyar Jaridun Arewa

1.0 Gabatarwa

Jarida ba ta iya ba da labarin duk wanda ya mutu, tilas ne ta zaɓa. Zaɓen da edita ya yi yau kuwa, shi ne masanin tarihi zai tarar bayan shekara hamsin, ya ɗauke shi a matsayin jerin mutanen da suka yi fice a zamaninsu. Wannan maƙala za ta dubi rabon da mata suka samu a cikin wannan jeri a jaridun arewacin Nijeriya, musamman na Hausa, tun daga shekarar 1939. Za a waiwayi al'adar marsiyya wadda ta riga jarida, sa'annan a leƙa ƙasar Mubi ta Jihar Adamawa.

Kalmar “ta'aziyya” asalinta gaisuwar da ake zuwa yi wa waɗanda aka yi wa rasuwa ce. Da jarida ta zo sai ta are ta, ta ɗora mata abubuwa biyu: sanarwar rasuwa, wadda sau da yawa iyali ke biyan kuɗin bugawa, da kuma tarihin mamaci, wanda jarida ke rubutawa bisa ganin damarta. Na biyun shi ne ya fi shafar wannan nazari, domin a nan ne ake yanke hukuncin wane ne rayuwarsa ta cancanci a ba da labarinta.

2.0 Kafin Jarida

Akan ɗauka cewa rashin ambaton mata a irin wannan rubutu gado ne daga malaman da. Abin da ke cikin littattafai bai goyi bayan haka gaba ɗaya ba. Ibn Sa'ad ya keɓe juzu'in ƙarshe na Ɗabaƙat ga mata, haka nan Sakhawi, malamin Misra na ƙarni na 15, ya keɓe juzu'in ƙarshe na Al-Dau'ul Lami'u ga tarihin mata fiye da dubu.

A ƙasar Hausa, babbar hujja ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793–1864). Ayyukanta da Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997 sun ƙunshi marsiyyoyi da dama. Ta yi wa manya irin su Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo, wannan ba abin mamaki ba ne. Ta yi wa 'yar'uwarta Faɗima da aminiyarta A'isha matar Bello, su ma 'yan gidan mulki ne. Abin lura shi ne sauran: Halima, wadda maƙwabciyarta ce, Zaharatu, wadda ta yabe ta da karɓar haihuwa da wankan gawa da koyar da mata, da Hawa'u, ɗaya daga cikin jajin 'yan taru masu jagorancin matan karkara zuwa wurin karatu. Babu ɗaya daga cikin ukun nan da ta riƙe sarauta ko ta ci yaƙi. Ma'aunin da Asma'u ta auna su da shi shi ne amfanin da jama'a suka samu daga gare su, kuma ta kira kowace da sunanta. A waƙarta ta tawassuli da mata masu albarka, wadda ta gina a kan Kitabun Nasiha na Bello, ta jera matan zamanin Annabi da waliyyan Gabas, sa'annan ta biyo da malamai mata na jama'ar Shehu, irin su Joda Kawuri da Habiba. Ke nan a tsakiyar ƙarni na 19 akwai hanyar da sunan ungozoma zai iya shiga rubutu ya wanzu har yau.

3.0 Zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo

An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairun 1939, da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ƙarƙashin kulawar Dokta Rupert East. Masu karanta ta su ne waɗanda suka iya boko: malaman makaranta, da ma'aikatan En'e, da akawuna, da sojoji a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Masu aiko mata da labari daga larduna su ma daga wannan rukuni suke. Mata kuwa ba su daɗe da shiga boko ba, don sai a 1930 aka buɗe cibiyoyin koyar da 'yan mata a Kano da Katsina, a 1939 kuma aka buɗe ta horar da malamai mata a Sakkwato. Jaridar da maza ma'aikata ke rubutawa don maza ma'aikata, mutuwar da za ta ɗauka labari ita ce ta sarki da hakimi da alƙali da babban malami, wato mai muƙamin da za a naɗa wani a kansa. Ma'auni ya tashi daga amfani ya koma muƙami, muƙaman kuwa duk a hannun maza suke. Ko ƙuri'a ma matan Arewa ba su jefa ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976.

Akwai kuma dalili na harshe, wanda ya kamata ya ja hankalin manazarta. Alkunya ta hana Bahaushe kiran sunan uwargidansa a bainar jama'a, kamar yadda ta hana mace kiran sunan miji ko na ɗan fari. A cikin gida da unguwa wannan ba ya ɓatar da kowa, domin idan aka ce “mahaifiyar Alhaji wane” duk mai sauraro ya san ko wace ce, ya san sana'arta da gidan da ta fito. Da wannan ladabi ya hau takarda sai ya haifar da wani abu dabam. Kanun labari ya zama “Gwamna ya yi wa wane ta'aziyyar rasuwar mahaifiyarsa”, ko “Maiɗakin wane ta rasu”, ɗan da ke raye ya zama jigon jimla, mamaciyar ta koma cikin mallaka. Cikin labarin akan faɗi shekarunta da yawan 'ya'ya da jikokin da ta bari, a kawo sunayen fitattu daga cikinsu, a jera manyan da suka halarci jana'iza. Mai karatu na wani gari, ko na bayan shekara talatin, zai gama labarin ya san kowa ban da wadda ta mutu.

Gaggawar jana'iza ma ta taimaka. Musulmi akan binne shi a ranar da ya rasu, saboda haka babu wani amfani a sayi shafi don gayyatar jama'a, kamar yadda iyalai a Kudu suka saba yi wa iyayensu mata a jaridu irin su Daily Times, da hoto da suna da jerin zuriya. A Arewa aikin sanarwa ya koma rediyo, musamman Rediyon Kaduna tun daga 1962, abin da aka faɗa a rediyo kuwa iska ke tafiya da shi.

4.0 Waɗanda Suka Keta

Misali mafi nauyi shi ne na Hafsatu, uwargidan Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello. An kashe ta tare da mijinta a gidansu na Kaduna ranar 15 ga Janairun 1966, mako biyu bayan fara buga New Nigerian. Ita 'yar gidan Wazirin Sakkwato ce, wato gidan Giɗaɗo mijin Asma'u. Duk da haka, a yawancin abin da aka rubuta kan wannan dare, kalma biyu ce rabonta: “da matarsa”. Sai a 1995 Ladi Adamu ta fitar da littafi a kan rayuwarta, shekara 29 bayan rasuwar.

Matan da suka samu cikakken tarihi a jarida ranar rasuwarsu akasari waɗanda suka shiga fagen da jarida ta riga ta sani ne. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU, wadda ta sha ɗauri saboda siyasa, ta rasu a 2001. Hajiya Laila Dogonyaro ta Jam'iyyar Matan Arewa a 2011. Hajiya Barmani Coge mai amada a 2013. Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta rasu a turmutsutsun Mina a 2015, ita kanta ta riƙe editan Sunday Triumph a Kano da New Nigerian a Kaduna, abokan aikinta ne suka rubuta tarihinta. Baba ta Karo kuwa, wadda ta rasu a 1951, duniya ta san ta ne don Mary Smith ta zauna da ita ta rubuta labarinta, aka buga a Ingila a 1954.

Matsalar ba ta Arewa ce kaɗai ba. A watan Maris na 2018 jaridar New York Times ta Amurka ta amsa cewa tun 1851 maza fararen fata ne suka mamaye shafinta na tarihin mamata, kuma ko a shekara biyun da suka gabaci wannan lokaci, mata ba su wuce kimanin ɗaya cikin biyar ba. Ta buɗe fili don rubuta tarihin waɗanda ta tsallake, cikinsu har da marubuciya Charlotte Brontë da 'yar jarida Ida B. Wells.

5.0 Ƙasar Mubi

Idan matar Firimiya ta ɓace a cikin kalma biyu, ana iya ƙiyasta rabon macen Duvu, a cikin duwatsun Mubi ta Kudu, ƙasar Gude. Wannan yanki ya kasance ƙarƙashin Jamus har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'annan ya zama ƙasar riƙon amana a hannun Ingila, bai shiga Nijeriya sosai ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, lokacin da Mubi ta zama hedikwatar Lardin Sardauna. Ga nisa daga Zariya da Kaduna, ga shi Hausa harshen kasuwa ce a wurin mutanen da ke da nasu harshe. Rubutun da ya fi shahara daga yankin a farkon ƙarni na 20 shi ne kundin Hamman Yaji, hakimin Madagali da ke arewa da Mubi, wanda ya ƙunshi 1912 zuwa 1927, aka kuma buga fassararsa a 1995. Matan duwatsu suna da yawa a cikinsa, amma akasarinsu da lamba suka shiga, a lissafin bayin da aka kamo a hari. Da rikicin Boko Haram ya kai ga kama Mubi a Oktoban 2014, da hare-haren bam na 2017 da 2018, jaridu sun sake ba da mamatan yankin, maza da mata, da alƙaluma.

Inda mai bincike zai fi samun sunan macen wannan yanki da tarihinta shi ne wajen jarida. A jana'izar Kirista, musamman a majami'u irin su Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya mai hedikwata a Kwarhi kusa da Mubi, akan karanta tarihin mamaci a gaban jama'a, sau da yawa da Hausa, iyalai da dama kuma kan buga shi a 'yar takardar tsarin jana'iza. A nan akan faɗi ƙauyen da aka haife ta, da shekarar da ta yi aure, da noman ko kasuwancin da ta yi, da hidimarta a Zumuntar Mata. Waɗannan takardu ba sa zuwa ɗakin adana kayan tarihi na Kaduna, a akwatunan iyalai suke zama, a tsakanin takardun gona da katin makarantar yara.