Maraici, Hijira da Rashi a Rayuwar Nana Asma'u 'Yar Shehu

1.0 Gabatarwa

Yawancin abin da aka rubuta game da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fi karkata ne ga fagen fama da sha'anin mulki. Ba a cika waiwayar abin da ya faru a cikin gida ba, wato halin da mata da yara suka shiga a shekarun ƙaura da yunwa da yawan mace-mace. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta bi rayuwar Nana Asma'u (1793-1864) ta wannan fuska, domin a ga yadda zumuntar gidan Shehu ta riƙe marainiya har ta girma, da kuma yadda ita ma daga baya ta mayar da rashin 'yan'uwa ya zama hanyar karantarwa da adana tarihi.

2.0 Ƙuruciya a Ɗegel

An haifi Asma'u a Ɗegel ta ƙasar Gobir, ita da ɗan'uwan tagwaicinta Hassan. Bisa al'ada, Usaina ya kamata a kira ta, amma Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u, 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta guzuri a kogo lokacin hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun Asma'u tana ƙarama ƙwarai, saboda haka renonta ya koma hannun sauran matan Shehu, cikinsu har da Hauwa, mahaifiyar Muhammadu Bello.

Wannan riƙo shi ne tushen shaƙuwar da ta ƙullu tsakanin Asma'u da Bello, wanda ya girme ta da kimanin shekara 12. Ba uwarsu ɗaya ba, amma duk wanda ya dubi rayuwarsu ba zai ga alamar 'yan'ubanci ba. Gidan Shehu gidan karatu ne, maza da mata, domin shi kansa ya sha sukar malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da na waje. A nan Asma'u ta yi karatun Alƙur'ani, ta kuma soma sanin Larabci a kan Fulatanci da Hausa da ta tashi da su.

3.0 Shekarun Ƙaura

A watan Fabrairu na 1804, bayan dangantaka ta yi tsami tsakanin Jama'a da Sarkin Gobir Yunfa, Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. A lokacin Asma'u tana da shekara 11. Aka ɗora littattafai a kan raƙuma, aka bar gidaje da gonaki, kuma ba a sake komawa zama a can ba.

Nasarar da aka samu a Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara ba ta kawo ƙarshen wahala ba. Kafin shekarar ta ƙare, an yi wa Jama'a mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka ruwaito cewa mutum wajen 2,000 sun rasu, cikinsu da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Daga nan ƙarancin abinci ya tilasta musu gangarawa ƙasar Zamfara a 1805, ga yunwa ga cututtuka. A ƙarshen shekarar kuma aka sake yin asarar rayuka masu yawa a Alwasa, kusa da Gwandu. Duk wannan yawo da mata da yara aka yi shi. Su ne masu neman ruwa da itace, su ne masu jinyar waɗanda suka ji rauni, su ne kuma masu zaman takaba. Yarinyar da ta ga wannan tun ba ta kai shekara 13 ba, ba sai an ba ta labarin mutuwa ba.

Wajen 1807 aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda daga baya ya zama Wazirinsa. Wannan aure ya ƙara ɗaure zumuncin da ke akwai, domin mijinta da yayanta kullum suna tare, a fagen yaƙi da kuma zauren shawara. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, Shehu ya koma Sifawa a 1810, sannan ya tare a Sakkwato a 1815.

4.0 Jerin Rashe-Rashe

Zaman lafiyar da aka fara samu bai hana ajali aikinsa ba. Shehu ya rasu a watan Afrilu na 1817, Asma'u tana da shekara 24, kuma ba a daɗe ba Hassan ya bi bayansa. Baffanta Abdullahi na Gwandu ya rasu a 1829. A 1837 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno, shekara guda bayan yaƙin Gawakuke, sannan 'yar'uwarta Faɗima ta rasu a 1838. Wajen tsakiyar ƙarni ta rasa Giɗaɗo, bayan zaman aure na fiye da shekara 40. Aminiyarta A'isha, matar Bello, ta rasu a 1855, kuma ɗanta Waziri Abdulƙadir ya riga ta gidan gaskiya a 1859.

Abin lura shi ne yadda ta karɓi waɗannan ƙaddarori. Kusan duk wanda ya rasu daga cikin makusantanta sai ta yi masa marsiyya, wani da Fulatanci, wani da Larabci. Ba ta ɓoye zafin rabuwa a cikinsu, musamman a marsiyyar Bello da ta A'isha, inda ta fito fili ta bayyana kaɗaici da zubar hawaye, tare da kafa hujja da cewa shari'a ba ta hana kuka ba, kururuwa da raki ta hana. Sai dai ba ta tsayawa a nan. Takan zayyana halayen mamacin ɗaya bayan ɗaya, sannan ta rufe da addu'a da miƙa lamari ga Allah.

Halayen da take zaɓa su ma abin nazari ne. Ba ta cika damuwa da sarauta ko dukiya ba. Abin da ta yaba wa Faɗima shi ne kyauta da ciyar da baƙi da kula da dangi. Daɗin daɗawa, ba 'yan gidan mulki kaɗai ta yi wa marsiyya ba, har da maƙwabciyarta Halima, wadda ta yaba da kyawun zama da mutane da riƙon zumunci. Da haka marsiyya ta tashi daga kukan mutum ɗaya ta zama darasi ga masu rai a kan irin halin da ya cancanci a tuna mutum da shi.

5.0 Daga Juyayi Zuwa Aiki

Rasuwar Bello ta nuna cewa waɗanda suka ga jihadi da idonsu sun fara ƙarewa. Saboda haka Asma'u da Giɗaɗo suka duƙufa wajen rubuta abin da suka sani. Giɗaɗo ya wallafa Al-Kashf wal-Bayan a kan rayuwar Bello, ita kuma ta tsara Filitago da Fulatanci, inda ta bi sawun ƙaurar Shehu zango-zango. Wato wahalar da ta sha tana yarinya ita ce ta zama madogarar tarihi a hannun na baya.

Haka kuma yaƙe-yaƙe sun bar mata da yawa a ƙauyuka, wasu zawarawa, wasu kamammu, ba su da mai karantar da su. Domin su Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa, ita kuma jajin ta jagoranci tsofaffi da 'yan mata zuwa wurinta su koyi waƙoƙin addini, su koma su koyar da waɗanda aure ya tsare a gida. Ayyukansu sun haɗa da duba marasa lafiya da wankan gawar mata da sasanta masu husuma. Lokacin da ɗaya daga cikin jajojin, Hauwa'u, ta rasu a 1858, ita ma ta samu marsiyyarta kamar kowace 'yar gida.

Riƙon da aka yi mata kuwa ta rama shi a kan ƙannenta. Isa, autan Shehu, wanda bai tashi ya tarar da mahaifinsa ba, ya kusance ta ƙwarai, kuma shi ne ya mayar da Filitago zuwa Hausa da sunan Waƙar Gewaye. Da ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta, Isa ya yi mata marsiyya, ƙanwarta Maryam kuma ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa ilimin Nana Asma'u da juriyarta ba su rabuwa da gidan da ya rene ta. Kishiyoyin uwa ne suka ɗauke ta, ɗan'uba ne ya zama abokin shawararta, miji kuma ya zama abokin rubutunta. Zuriyarta ce ma ta adana takardunta, har suka iso hannun Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya rasu a 1997. Da taimakonsa Jean Boyd ta wallafa tarihinta a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara ayyukanta a 1997. Masu nazarin tarihin Daular Sakkwato suna da aiki a gabansu na karanta waɗannan marsiyyoyi a matsayin shaidar zaman iyali a ƙarni na 19, domin a cikinsu ne sunayen mata irin su Halima da Hauwa'u suka tsira daga mantuwa.