'Yan daudu da tattalin arzikin hanyar Jibiya: iyalan da ƙidaya ba ta rarrabewa

Duk motar da ta taso daga Katsina za ta Maraɗi sai ta ratsa Daddara, ta tsaya shingen kwastan na Magama, sannan ta gangara Ɗan Isa. Garuruwan wannan hanya da ƙafar baƙo suke ci. Direba ya sauka ya nemi tuwo, ɗan kamasho ya samu na cefane, mai tuyar ƙwai ya kai tsakar dare. A tashoshin ƙasar Hausa kuwa, tun shekaru aru-aru, akwai rukunin maza da suka yi suna wajen girkin sayarwa, wato 'yan daudu. Ta kansu ne kaɗai manazarci zai iya tunkarar tambayar da masana na Yammacin duniya ke yi kai tsaye: masu zaman tarayya da jinsinsu su nawa ne, kuma da me suke riƙe gida?

A Amurka amsar tana cikin takarda. Ƙidayar 2020 ta ware musu gurbi, kuma hukumar ƙidayar ƙasar ta ƙiyasta gidaje irin waɗannan kimanin miliyan 1.2 a 2021, fiye da rabinsu da takardar aure. Tun 1995 masaniyar tattalin arziki Lee Badgett ta nuna cewa maza masu harka da maza albashinsu bai kai na sauran maza ba. A Najeriya ƙidayar ƙarshe ta 2006 ce, wadda ta ba ƙaramar hukumar Jibiya mutum kusan 170,000, kuma ko addini da ƙabila ba ta tambaya ba, balle wannan. Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi, da shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka. Ba mai hankalin da zai amsa wa malamin ƙidaya irin wannan tambaya.

To amma ko da doka ba ta hana ba, ma'aunin Amurka ba zai auna komai a nan ba. Can ana ƙirga mutum biyu ne a ƙarƙashin rufi ɗaya. Rudolf Gaudio, wanda ya zauna da 'yan daudun Kano a shekarun 1990 ya kuma fitar da littafinsa Allah Made Us a 2009, ya tarar da wani tsari daban. Ba kowane ɗan daudu ne mai harka da maza ba, kuma masu harka da yawa ba su da alamar daudu ko kaɗan. Da dama daga cikinsu suna da mata da 'ya'ya, ko suna da niyyar aure, suna kuma aika wa iyaye na masara a ƙauye. Dangantakar da ta fi riƙe su ita ce ta “uwa” da “'ya”: babban ɗan daudu ya ɗauki yaro baƙo, ya ba shi wurin kwana, ya koya masa girki, wata rana ya ba shi jari. Wasu har Jidda suka je neman kuɗi, suka dawo da sunan alhaji. Kafin shi, Renée Pittin ta ga irin wannan zama a gidajen mata masu zaman kansu na birnin Katsina a farkon shekarun 1970, inda 'yan daudu ke dafa abinci suna kuma yin kawalci.

Ke nan tukunyar tasha guda tana iya ɗauke da gida biyu ko uku, kuma a takardar gwamnati dukkansu gidaje ne na kowa da kowa.

Nan ne batun kan iyaka ya shigo. Gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki a Agustan 2019, ta kuma hana kai man fetur garuruwan da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka. Ba a buɗe iyakar Jibiya ba sai Afrilun 2022. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya sa aka sake garƙame ta har Maris 2024, ga kuma 'yan bindiga da suka sa direbobi daina tafiyar dare. Kowane mai sayar da abinci a hanyar ya ji a jikinsa, sai dai ba daidai ba. Bazawara mai tuwo-tuwo za ta iya zuwa gaban mai unguwa a sa sunanta cikin masu karɓar tallafi. Namiji mai irin sana'arta yakan gwammace kada a san da shi, musamman da Hisba ke ƙara sa ido a tashoshi da masauki.

Malami na da hujjarsa ta addini wajen ƙyamar ɗabi'ar, kuma mafi yawan mutanen yankin suna tare da shi. Mai tsara tallafi aikinsa daban ne, domin matar ɗan daudu da 'ya'yansa da tsohuwarsa ba su yi wa kowa laifi ba, kuma su ne farkon masu kwana da yunwa in ciniki ya tsaya. Binciken yanayin rayuwar iyali da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke gudanarwa yana tambayar sana'ar gida da yawan masu ci daga cikinta. A yankin Jibiya wannan tambaya ta isa ta nuna inda asarar rufe iyaka ta faɗa, ba tare da an tilasta wa kowa faɗin abin da zai kai shi gaban alƙali ba.