Filtar Baƙin Mai ta Wankewa da ta Yarwa a Injinan Babura: Nazarin Kwatance a Muhallin Miskine, Bangui

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta filtar baƙin mai da ake wankewa a mayar da wadda ake cirewa a yar, ta la'akari da yanayin aikin babura a Miskine da kewayen kasuwar PK5 a Bangui. An auna su bisa ma'aunai huɗu: ingancin tacewa, samuwar kaya, nauyin kulawa, da muhalli. Nazarin ya nuna cewa ƙirar inji ce ke yanke mafi yawan hukuncin, kuma amfanin filtar wankewa ya rataya ne kacokan a kan hannun bakanike.

1.0 Gabatarwa

Baƙin mai a ƙaramin babur yana yi wa sassa uku hidima a lokaci guda: inji, giya da kuloci. Saboda haka yana kwasar garin ƙarfe daga haƙoran giya, da ɓarɓashin farantan kuloci, da toka daga ƙonewar fetur. Wannan haɗakar ce ta sa Japan ta fitar da ma'aunin JASO MA a 1998 domin man babura, daban da na motoci. Injin da mansa bai wuce kimanin lita 1 ba yana saurin gurɓata, kuma filta ce ke tsaye tsakanin dattin da boris da fistin.

2.0 Muhallin Nazari

Miskine na maƙwabtaka da PK5, babbar cibiyar cinikin Bangui, inda Hausawa, Fulani da Larabawan Cadi suka daɗe suna kasuwanci. Baburan haya su ne ƙafar jama'a a nan. Abubuwa biyu na muhallin sun shafi batun kai tsaye. Na farko, yawancin titunan cikin unguwa na jar ƙasa ne, ƙura da rani, taɓo da damina. Na biyu, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ba ta da gaɓar teku, mafi yawan kayan gyara suna shigowa ne daga tashar Duwala ta Kamaru, ta Garoua-Boulaï, Béloko da Bouar, tafiyar kimanin kilomita 1,400. Lokacin da 'yan tawayen CPC suka datse wannan hanya daga Disamba 2020 zuwa Fabrairu 2021, manyan motoci sun yi cirko-cirko a kan iyaka, kaya suka yi tsada a Bangui. Duk abin da ake saye a yar, samuwarsa na bin lafiyar wannan hanya.

3.0 Nau'o'in Filta

3.1 Raga da matatar juyi. Honda CG125, wadda aka fitar a 1975 domin ƙasashen da ba a cika kula da inji a kan lokaci ba, ba ta da filtar takarda. Tana da ƙaramar raga da ke tare manyan ɓarɓashi, sannan da wani ƙoƙon ƙarfe da ke juyawa tare da inji. Ƙarfin juyin yana wurga dattin da ya fi mai nauyi zuwa bangon ƙoƙon, ya daskare a can. Kamfanonin Sin da dama sun kwaikwayi wannan inji, shi ya sa ya bazu a Afirka. Dukkan sassan biyu na wankewa ne.

3.2 Filtar takarda. Injina irin na Suzuki GN125 suna da gurbin filtar takarda mai ninki. Zaren takardar yana kama datti a cikin kaurinsa, yawanci mai girman maikiron 20 zuwa 40. Ba ta wankuwa. Idan ta toshe, wani bawul yana buɗewa mai ya wuce ba a tace ba, don kada inji ya bushe.

3.3 Filtar ragar ƙarfe mara tsatsa. Ana sanya ta a gurbin ta takarda. Masu ƙera ta sukan ayyana girman hudojinta a wajen maikiron 35, wato kusan rabin kaurin silin gashi. Aikinta irin na rariya ne: abin da ya fi huda girma ya tsaya, wanda bai kai ba ya wuce.

4.0 Tattaunawa

4.1 Ingancin tacewa. Dattin da ya fi cin inji shi ne wanda girmansa ya yi daidai da siririn tazarar da mai ke cikewa tsakanin sassa masu gogayya, kuma galibinsa bai kai maikiron 20 ba. Takarda mai kyau tana riƙe wani kaso na irin wannan, raga kuwa ba ta riƙe shi. Matatar juyi tana kama ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da yashi, amma da zarar ƙoƙon ya cika, aikinta ya tsaya ba tare da wata alama ba. Ma'aunin ISO 4548-12 ne ke tantance ingancin filta ta hanyar ƙirga ƙwayoyi kafin tacewa da bayanta. Filtar jabu ba ta bi ta wannan gwaji ba, komai kyan kwalinta.

4.2 Samuwar kaya. Filtar ragar ƙarfe ta fi tsada a sayen farko, amma ba ta buƙatar maimaici, kuma yankewar hanyar Duwala ba ta shafar ta. Ta takarda tana da araha ɗaya-ɗaya, sai dai idan ta yi wuya, mai babur yakan mayar da tsohuwa ko ya sayi jabu, waɗanda duka sun fi raga muni.

4.3 Nauyin kulawa. Nan ne raunin filtar wankewa yake. Tsabtace matatar juyi na buƙatar cire murfin inji na dama da sauya fakin, aikin da ya wuce juye na yau da kullum, don haka yana da sauƙin tsallakewa. Ita kuma raga, idan aka wanke ta da kalanzir mai datti ko aka ajiye ta a ƙasa, yashi na komawa gefen da ya kamata ya zama mai tsabta. Yashi ya fi ƙarfen inji tauri, kuma babbar ƙofar shigarsa ita ce filtar iska da ta yage ko ta toshe. Babu filtar mai da za ta rama wannan ɓarna.

4.4 Muhalli. Filtar yarwa tana fita jiƙe da tsohon mai, wanda Yarjejeniyar Basel ta 1989 ta lissafa cikin shara mai haɗari. Ta wankewa ma tana barin gurɓataccen kalanzir. Idan aka zubar da ko wanne a kwata, ruwan sama na iya kai shi rijiyoyin unguwa.

5.0 Kammalawa

A injin da aka ƙera da raga da matatar juyi, babu zaɓi tsakanin wankewa da yarwa. Wajibi shi ne a riƙa buɗe ƙoƙon a kan lokacin da littafin kamfani ya ƙayyade. A injin da ke da gurbin takarda, filtar takarda ta asali ce ta fi kare inji, ragar ƙarfe kuma ta fi dacewa a matsayin madadi lokacin da ta asali ta yanke. Ana kira ga kanikawa da ƙungiyoyin masu baburan haya na Miskine da su haɗa juye, duba filtar iska da tsabtace filtar mai su zama aiki ɗaya, su kuma tanadi duro na tara tsohon mai a kowane gareji.