Me ya sa wani kara ke hana irin garka tsiro?

Daga watan Oktoba, da an gama girbin hatsi da dawa a Tasawa da Mayahi, hankali sai ya koma garka, musamman a kwarin Gulbin Kaba inda ruwa ke kusa. Da yawanmu kan kwaso kara da busasshen ganye mu shimfiɗa a fangali don ƙasa ta riƙe laima. Dabara ce mai kyau. To amma wani lokaci a zuba irin salati ko karoti, a yi ta ban ruwa, sai ya fito jefi-jefi, a ɗora wa mai sayar da iri laifi. Ba kullum laifin iri ba ne.

Wasu tsirrai suna fitar da sinadari ta saiwa, ko ta ganye da kara sa'ad da suke ruɓewa, wanda ke danne tsiron da ke kusa da su. Masana na kiran wannan alelofati, sunan da wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Hans Molisch, ya raɗa a 1937.

Dawa ce babban misali a wurinmu. Saiwarta na fitar da wani abu mai maiƙo da ake kira sorgoleone, wanda ke hana ƙananan tsirrai girma. Ɗanyen ganyenta kuma na ɗauke da dafi, shi ne dai wanda kan kashe awaki da shanu in sun ci gyauron dawa. Ganyen itacen turare ma haka yake, shi ya sa ba kasafai haki ke yawa a gindinsa ba.

Ƙananan iri sun fi cutuwa: salati, karoti, albasa da tumatir. Manyan iri kamar wake da kabewa sun fi juriya, haka ma dashe da ya riga ya yi saiwa.

Akwai wata matsalar da ke kama da wannan. In an binne busasshen kara da yawa, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi sukan janye abincin da ke cikin ƙasa na ɗan lokaci, sai ganye ya yi rawaya. Harawar wake da ta gyaɗa ba su cika jawo haka ba, don suna ruɓewa da sauri suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ganyen gawo kuwa taki ne, kowa ya san albarkar gindinsa.

Ga abin da ya kamata mu kiyaye. In fangalin wurin dawa ne, ko an binne kararta, a yi ta ban ruwa sati uku zuwa huɗu kafin a zuba iri, domin ruwa da ruɓewa suna rage dafin. In da hali, a fara tara karan a rami tare da kashin dabbobi har ya zama taki. Kada a rufe wurin renon iri da ganyen turare. Shimfiɗar kara kuma ta jira sai dashe ya kama. A lokacin ma amfani za ta yi, don tana danne haki.

Mai shakka ya yi gwaji: gwangwani biyu, ɗaya da ƙasar fangalin, ɗaya da ƙasar da ba a sa wa kara ba, a zuba ƙwayar salati ashirin a kowane, a ƙirga bayan sati ɗaya.

'Yan uwa da ke Kano, Legas ko Agadas masu aiko da kuɗin iri, ku isar da wannan saƙo gida kafin a buɗe gwangwanin iri na bana.