Afonja, Sarkin Yaƙin Oyo, Da Hausawan Ilori

Mu da muke zaune a ƙasar Yarbawa muna neman halaliyarmu, ya kamata mu san labarin Afonja, don kuwa da hannun Hausawa a cikinsa.

Afonja shi ne Are Ona Kakanfo, wato babban sarkin yaƙin daular Oyo, mazauninsa Ilori. Wajen shekarar 1796 Alafin Awole ya tura shi yaƙi Iwere, gari mai wuyar ci. A al'adarsu kuwa, in Kakanfo ya fita, ko dai ya ci nasara ko ya mutu. Afonja ya gane tarko ne, sai ya haɗa baki da manyan Oyo suka juya wa sarki baya, har sarkin ya kashe kansa.

A shekarar 1817 sai ya jawo Shehu Alimi, wani malami Bafulatani, aka yi shela cewa duk bawan da ya gudo Ilori ya 'yantu. A zamanin nan bayi Hausawa suna da yawa a Oyo, su ne masu kula da dawakai, da wanzamai, da masu tufka igiya. Suka yi ta kwararowa, har suka zama runduna da ake kira Jama'a.

To, amma fa Afonja bai musulunta ba, girman kai kuma ya raba shi da 'yan'uwansa Yarbawa. Su ma Jama'a, a faɗi gaskiya, sun riƙa ƙwacen kayan mutanen gari. Ko da ya tashi korarsu, ya riga ya makara. Wajen 1823 suka kashe shi. Abdussalami ɗan Alimi ya zama sarkin Ilori na farko, a ƙarƙashin Gwandu. Wajen 1836 tsohon birnin Oyo ya koma kufai, sai a Oshogbo mayaƙan Ibadan suka tare dawakin Ilori, wajen 1840.

Har yau akwai sarautar Balogun Gambari a Ilori, Gambari kuwa sunan da Yarbawa ke kiranmu ne. Zuriyar Afonja ma suna nan, ba su manta ba.

Saboda haka in ka ji Bayarbe a kasuwa yana ambaton Afonja, kada ka harzuƙa, ruwa ba ya tsami banza. Tsoronsa shi ne baƙo ya ƙwace gida. Maganin wannan tsoro yana hannunmu: cika mudu, riƙon amana, biyan kuɗin haya a kan lokaci, da girmama sarakunan gari.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, amin.