Daga Bel Zuwa Filashin: Yadda Gyaran Na'urar Kiɗa ta Aljihu Ya Sauya

Ranar da na fara zama a bencin maigidana, Walkman mai jan murya ya miƙo mini. Na kai hannu ga sukundireba, ya riƙe ni ya ce, "Yaro, saurara tukuna. Na'ura da bakinta take faɗin ciwonta."

A wancan zamani gaskiyarsa ce. Kamfanin Sony na Japan ya fitar da Walkman a watan Yulin 1979, yana aiki da kaset ɗin da Philips ya ƙirƙiro a 1963, kuma duk ciwonsa a fili yake. In murya tana ja, ko batir ya yi sanyi ko bel ya saki. In an daɗe da ajiye shi, bel ɗin kan narke ya koma kamar kwalta. In sauti ya dushe, kan da ke karanta kaset ne ya yi datti, auduga da sifirit sun wadatar. In yana cin kaset, a duba tayar robar da ke jan zare. In kunne ɗaya ya ɗauke, dalmar ramin iyafis ce ta tsage. Ko da Discman ya zo a 1984, yawancin aikin bai wuce goge idon da ke karanta faifai ba.

Sana'ar ta juya ne da zuwan MP3. MPMan ya fito daga Koriya ta Kudu a 1998, iPod ya biyo baya a Oktoban 2001 da ƙaramin faifai mai gigabait 5, mai ɗaukar waƙa 1,000. Daga nan muka gamu da abin da mita ba ta aunawa: manhajar da aka dasa a cikin na'ura. Sai a kawo iPod na gwanjo ana kukan ƙarancin sauti, alhali lafiyarsa ƙalau. Na kasuwar Turai ne, manhajarsa ce ta rage ƙara saboda dokar Faransa da ta kayyade desibel 100.

Ƙananan MP3 marasa suna da suka cika kasuwanninmu daga Sin su suka koya mini darasi mafi ɗaci. Wani ɗalibi ya kawo nasa ya daskare, cike da karatun Alƙur'ani da yake bita. Na ga kwalinsa sak da wani da na taɓa gyarawa, na yi masa filashin, wato na ɗora masa manhajar wancan. Bai sake kawo wuta ba. Da na buɗe, sai na tarar fanel da sikirin ɗinsu daban. Kama da wane ba ta wane. Na biya shi kuɗinsa, kuma tun ranar ba na filashin sai na karanta lambar da ke jikin fanel, na adana manhajar asali.

Apple ya daina yin iPod a Mayun 2022, amma na'urorin ba su mutu ba. Ana cire tsohon faifai a sa katin memori, a canza batir, wasu su ɗora Rockbox, manhajar kyauta da wasu 'yan Suwidin suka faro don na'urorin Archos.

Ga matasan da ke kan benci yau, nasihata ita ce ta maigidana: ku gwada batir, ku duba waya da dalma, ku karanta lamba, filashin ya zama na ƙarshe. Kayan mutane amana ne a hannunku.